Gwaggo Tambaya, Wadda Ta Ƙi Yafewa

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Gwaggo Tambaya ta faɗo a Litinin, 24 ga Muharram 1428, wato 12 ga Fabrairun 2007, da hantsi, a ɗakinta da ke bayan masallacin unguwarmu a Kura, bayan jinyar mako uku. A lissafin ƙanenta Dattijo shekarunta saba'in da huɗu. A nata lissafin sittin ne, kuma ta daɗe a kan sittin ɗin ba ta yarda kowa ya gusar da ita ba.

Gwaggo, al'adar masu ta'aziyya ce su ce mamaci mai haƙuri ne, mai yafiya, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Na ɗauki biro da niyyar rubuta haka, sai hannuna ya ƙi, domin na san da kina nan da kin aiko a tambaye ni wace baiwar Allah ce ta rasu ba a gaya miki ba. Ba ki da haƙuri. Kin yi faɗa da mai awo, kin yi da masu raba ruwan noman rani, kin yi shekara biyu ba kya ga maciji da akuyar liman. Ni da na yi maƙwabtaka da ke shekara ashirin da shida ina koyar da tarihi a sakandare, ban taɓa jin kin kira ni da wani suna ba sai Malam Mai Takarda, kuma ba yabo kike nufi ba. Game da yafiya kuwa, duk garin nan ya san akwai mutum ɗaya da kika ƙi yafe wa har kika koma ga Allah. Labarinsa zan bayar, da izininsa, domin ya karanta wannan takarda kafin kowa, har ya gyara mini kwanan wata biyu.

Allah bai ba ki haihuwa ba, amma 'ya'ya tara kika riƙe, na dangi da na maƙwabta, har da Joanna 'yar gidan Kefas mai gadin rumbun shinkafa, wadda kike kora coci ranar Lahadi da irin muryar da kike kora sauran makarantar allo. Kin san riƙo ciki da bai. Kin taɓa ce mini, ranar da nake yi miki dogon bayani a kan tarbiyya daga abin da na karanta, "Malam, ajiye takardar. Ɗan riƙo yana cin tuwo, yana sa riga, amma jakarsa kullum a ɗaure take. Ni ranar da gidan ya ƙare nake tsoro." Na ɗauka surutun tsofaffi ne, sai da shekara ta 2002 ta zo.

Garzali ɗalibina ne. Mahaifiyarsa ta rasu yana shekara uku, mahaifinsa direba ne da ya tafi kudu bai sake waiwayowa ba. Daga nan aka shiga miƙa shi hannu zuwa hannu: kakarsa a Bunkure, kawunsa a Kumbotso, wata inna a Garun Mallam, wani gidan kuma da shi kansa bai san dangantakarsu ba. Gida na biyar shi ne na wani tsoho mutumin kirki a nan Kura, wanda ya karɓe shi yana ɗan shekara goma sha biyu, ya riƙe shi shekara tara kamar ɗan cikinsa. Da tsohon ya rasu aka zo rabon gado, Garzali ne ya shimfiɗa wa masu rabon tabarma, shi ya kawo musu ruwa, sannan ya koma bakin ƙofa ya ji ɗakin da yake kwana ya faɗa rabon wanda zai sa amarya bayan salla. Babu wanda ya zalunce shi. Ɗan riƙo ba ya gado, kowa ya sani, shi ma ya sani. An ma yi masa kirki, an ba shi wata biyu ya nemi wuri.

Bayan wata guda sai muka ga yaron ya yi wani irin sanyi mai ban sha'awa. Ya ba abokinsa rediyonsa. Ya ba yaran unguwa takalmin ƙwallonsa. Sannan ya shiga bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa, ya ce a yafe masa abin da ya yi da saninsa da wanda ya yi ba da saninsa ba. Mu kuwa mutanen kirki ne, mun san abin da ake yi wa mai neman yafiya. Duk wanda zai yi doguwar tafiya haka yake yi, kuma amsarta a bakin kowa take. Muka yi ta cewa mun yafe duniya da lahira, Allah ya kiyaye hanya. Wasu har guzuri suka ba shi. Tsofaffi a ƙofar masallaci suka riƙa kafa misali da shi, suna cewa yaran yanzu su zo su koyi ladabi. Da aka tambaye shi ina zai nufa ya ce nesa, muka ce to, Legas ke nan, don a wurinmu nan nesa ta tsaya.

Ni ma ya zo wurina. Ya dawo mini da littafin da na ara masa shekara huɗu da suka wuce, wanda na riga na yi wa ta'aziyya. Murnar ganin littafina ta hana ni kallon fuskar wanda ya kawo shi. Na yafe masa da sauri, na ƙara da nasiha a kan 'yan damfarar tasha. Ni ne mutumin da ya karanta littattafai a kan halayyar ɗan Adam har suka cika kwali uku. Na rubuta wannan don kada wani ya ɗauka mu da muka yafe jahilai ne. Da karatunmu muka yafe.

Gidanki ne na ƙarshe a layin. Ina zaune a ƙofar gidana bayan la'asar, ina kaɗe littafin nan, na ji muryarki ta katanga.

"Ban yafe ba."

Na ji muryar yaron kamar ta wanda ya miƙa hannu a gaisa aka ba shi tsintsiya. Ya ce, "Gwaggo, me na yi miki?"

Kika ce, "Au, ka manta? Shekarar da maigidana ya rasu, wa ya buga ƙwallo ta faɗo tsakar gidan nan ta fasa mini randa? Randar aurena ce, daga garinmu aka ɗauko ta a kan jaki. Shekara goma sha biyu ina jira ka zo da kanka. Yanzu don za ka yi tafiya sai ka zo ka karɓi yafiya a tsaye kamar mai sayen ashana?"

Ya ce zai sayo miki wata. Kika ce ba a sayar da randar aure a kasuwa. Ya ce to me zai yi. Kika ce ranar Alhamis ake sako ruwa a ɓangarenku, ke kuma tsohuwa ce, ba ki iya tayar da bututu ba, ya zo ya shayar miki da gona, in kin ga ya yi abin kirki kya duba lamarinsa. Sannan kika rage murya, amma katangarmu ta ƙasa ce, kuma ban taɓa cewa ni ba na saurare ba. Kika yi masa tambayar da duk garin ya kasa yi: "Garzali, dube ni. Wannan tafiyar, ta mota ce, ko kashe kanka kake shirin yi?" Ban ji amsarsa ba. Kukansa na ji. Ba ki yi masa wa'azi ba, ba ki ambaci wuta ba, ko da yake kin fi kowa sanin inda ake samun ta a magana. Cewa kika yi, "To, ka ci abinci tukuna. Kuma ɗauko jakarka, akwai ɗaki a zaure. Ba don ina sonka ba, don kada ka gudu da haƙƙina."

Ga wanda bai san noman rani a wajenmu ba, ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga bi da bi ake sakinsa, kowane ɓangare da ranarsa. In ya iso ƙaramar hanyar ruwa da ke gefen gona, da lanƙwasasshen bututun roba ake jawo shi ya tsallake gaɓa ya shiga fangali. A nutsa bututun ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a wurgo shi cikin gona da sauri, sai ruwa ya kama gudu da kansa. Yaro ɗan shekara goma yana yi yana waƙa. Ke kuwa, Gwaggo, shekara biyar kina tsayawa a kan gaɓa kina juya bututun kamar an ba ki kakaki, kina cewa wannan aikin nasara ya fi ƙarfinki. Wanda ya rasa ruwan Alhamis sai wata Alhamis, tumatir kuma ba ya jiran uzuri. Saboda haka kowane mako akwai dalilin da zai sa Garzali ya kai Alhamis. Da damina, da ba a bukatar bututu, sai ciyawa ta zama ba ki iya cirewa, tsuntsayen shinkafa kuma ba sa jin tsoron muryar mace, in ji ki, alhali muryarki tana tayar da su daga gonar maƙwabci.

Kowace Alhamis in an gama sai ya tambaya, "Gwaggo, an yafe?" Ke kuma ki duba fangalin nan ki taɓe baki. Wata rana ruwan ya yi yawa. Wata rana ya yi kaɗan. Wata rana komai ya yi daidai, sai kika ce ai daidai ɗin ne bai yi miki ba, don ya nuna da can da gangan yake ɓatawa. Mutanen gari suka shiga zuwa biko. Liman da kansa ya zo ya karanta miki falalar yafiya, kika saurara har ya gama, kika ce ya fara ɗaure akuyarsa sannan ku yi maganar falala. Ni ma na zo da hujjojina, na kawo miki labarin sarakunan da suka yafe wa waɗanda suka yaƙe su. Kika ce su ba a fasa musu randa ba.

Ba ki tsaya a kan gona kaɗai ba, kuma wannan nake so masu karatu su riƙe. A mako na biyu kika tashi da ciwon gwiwa mai tsanani, kika ce sai asibiti a Kano, kuma babu mai raka ki sai shi. Kika yi ta ɗingishi daga gida har tasha. Da kuka isa, aka nuna muku ɗakin likitan da ke duba masu damuwar zuciya da tunani, kika tura shi ciki, kika zauna a bakin ƙofa kika miƙe ƙafa ta tare hanya. Shi ya gaya mini cewa da kuka fito kin manta wace gwiwar ce, kika koma ɗingisa ɗayar. Haka kuka yi ta zuwa wata-wata kusan shekara biyu. Gwiwar nan ba ta taɓa ganin likita ba, amma ta warkar da mutum.

Kada in sa a ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai watannin da Garzali ba ya iya fitowa daga zaure, ba ya wanka, ba ya amsa sallama. A irin ranakun ba kya ambaton randa. Zama kike a bakin ƙofarsa da faranti kina tsince shinkafa, kina ba shi labarin duk wanda ya ɓata miki rai tun zamanin da ake haƙa hanyoyin ruwan nan, har sai ya gaji ya ce, "Gwaggo, don Allah ki bari, zan tashi." A hankali ya koyi gyaran injin ban-ruwa a wurin wani makaniki a Kadawa. Yau babu mai lambu daga nan har Bunkure da bai san rumfarsa ba. Ya yi ƙiba, ya koyi gardama, har ya fara mayar miki da magana, abin da kika gaya mini a ɓoye ya fi miki daɗi a kan kujerar Makka.

Da ciwo ya kwantar da ke a watan jiya, wannan karon na gaske, tsoron kada ciwon Garzali ya dawo ne a raina, ban kuma gaya wa kowa ba. Likitan ya taɓa ce muku irin wannan ciwon yakan yi barci ne, babban rashi kuma yakan tashe shi. Gida biyar sun ƙare a kan yaron nan. Naki ne na shida.

Ranar Lahadi bayan la'asar kika sa aka tara mu. Kika nemi gafarar kowa, kika kuma yafe wa kowa da sunansa: mai awo, masu raba ruwa, Dattijo da ya ƙara miki shekara goma sha huɗu, ni da na cika ki da surutu, har akuyar liman, duk da ta riga ki tafiya tun sallar layyar bara waccan. Garzali yana durƙushe a gefen gado. Kowa yana jiran abin da aka yi shekara biyar ana jira. Ya ce, "Gwaggo, saura ni."

Kika buɗe ido ɗaya. "Kai kuma ban yafe ba. Na bar haƙƙina a hannun Malam Mai Takarda. Gonar ma shi zai noma ta shekara uku, Dattijo ya yarda. In ya ga ka cika, ya yafe maka a madadina."

Liman ya yi gyaran murya ya ce bai taɓa cin karo da wakilci a yafiya ba, sai ya duba littafi. Kika ce ya duba a hankali, ba sauri ake ba. Ni kuwa na ce, "Gwaggo, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba?" Kika ce, "Shi ya sa." Wannan ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakanina da ke, kuma kamar sauran, ke kika ci.

Muka kai ki makwanci ranar Litinin bayan azahar. Garzali ne ya shiga kabari tare da Dattijo. Bai yi kuka ba, bai yi magana ba, kuma wannan shirun na san shi, na taɓa yaba masa da sunan ladabi. Talata bai buɗe rumfa ba. Laraba na leƙa zaure sau huɗu da dalilai huɗu na ƙarya, na gane ƙarya ma baiwa ce, ba kowa Allah ya ba ba. A zuwa na huɗu na daure na yi masa tambayarki, da kalmominki. Ya dube ni ya ce, "Malam, tunanin yakan leƙo. Amma na riga na kira asibiti, Litinin zan je." Bai ce komai game da Alhamis ba, ni ma na kasa tambaya.

Ranar Alhamis da sassafe na ɗauki bututu shida na tafi gonarki. Ruwa ya iso. Na naɗe wando, na nutsa bututu, na toshe, na wurga. Ya yi wani ƙara kamar tsoho yana kurkure baki, ya tsaya. Na sake. A karo na biyar na wurga bututun da kyau, sai dai na bi shi. Manoman gefe suka bar aikinsu suka zo kallo, wani tsohon ɗalibina har yana ba ni maki. Rana ta ɗaga, ruwa yana wucewa gonakin mutane, tumatirinki yana kallona, ni kuma ina kallon hanya. Wallahi ba tumatirin nake ji ba.

Wajen ƙarfe tara na hango keke. Ya jingine shi, ya tsaya a kan gaɓa ya ƙare mini kallo daga hula har laka. Ya ce, "Malam, matsa. Ka jiƙa wando a banza." Kafin in fito daga ruwan, bututu shida suna gudu.

Muka zauna a gaɓa. Na ga ya kamata in sauke nauyin da kika ɗora mini, in kuma rage masa nasa, sai na fara kame-kame cewa randa dai randa ce, kuma na tabbata a zuciyarki kin daɗe da yafewa. Ya yi dariya, ta farko tun rasuwarki.

Ya ce, "Malam, kai da kake koyar da tarihi. Wace shekara mijin Gwaggo ya rasu?"

Na ce, "Alif ɗari tara da casa'in."

"A casa'in ina Kumbotso gidan kawu. Ban taka Kura ba sai casa'in da uku. Randar ma tana nan a bayan ɗakinta, a ciki take ɓoye goro."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar. Bututun ma ta iya. Na taɓa makara na same ta ta tayar da takwas da hannu ɗaya tana cin goro, da ta hango ni ta tsinke su duka ta hau salati." Ya kalli ruwan. "Duk gidan da zan bari sai an yi mini ƙarya: hutu za ka je, kwana biyu ne, za mu aiko a ɗauke ka. Ita kaɗai ta yi ƙarya don in zauna. To ina zan je?"

Da muka tashi ya ɗaure bututun a bayan kekensa, ya ce ba zai bar su a hannuna ba. Sannan ya juyo, da irin fuskar da yake yi miki, ya ce, "To, Malam, an yafe?"

Na duba fangalin. Ruwan ya kwanta daidai, ko injiniya sai haka. Na taɓe baki iyakar iyawata na ce, "Ya yi yawa ta gabas."

Ya ce, "Haka ne. Alhamis kada ka taɓa komai sai na zo."

Gwaggo, kin ji inda aka kwana. Ke kin yi shekara biyar kina ƙaryar ba ki iya ba. Kin duba garin nan kaf kin zaɓo mutum ɗaya da nasa rashin iyawar gaskiya ne, kuma ina tabbatar miki ba zan koya ba. Ga sauran mutanen garinmu kuwa, roƙona ɗaya ne. In matashi ya zo muku neman yafiya babu dalili, musamman wanda ya tashi a hannun riƙo, ku zaunar da shi, ku ba shi abinci, ku tambaye shi ina za shi, kada ku karɓi "nesa" a matsayin amsa. Yafiyar ba ta lalacewa in ta kwana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Dattijo da iyalansa, da 'ya'yan riƙonki tara da jikokinsu, da na goman da ke zaure, da dukkan mutanen Kura da suka rasa mai gaya musu gaskiya ba tare da sun tambaya ba. Ya Allah, baiwarKa Tambaya ta zo gare Ka da ƙarya guda da ta yi shekara biyar tana ban-ruwa; Kai ne Ka fi kowa sanin abin da ta shuka da ita. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya zukatan marayu, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka yafe mata gaba ɗaya, ba irin yafiyarta ba. Mu kuma Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka kai mu Alhamis lafiya, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ibrahimu Malam Mai Takarda
Kura, Fabrairu 2007